Buhun hatsi da takardar digiri: lissafin uba da na ɗa a ƙasar Arewa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin marubutan wannan jarida ya gabatar a Dogon Dutsi lokacin hutun damina, gaban ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da iyayen ɗalibai na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗe shi.



Iyayena sarakuna da malamai, alhazai da hajiyoyi na kasuwa, yayyena ma'aikata, waɗanda ke bakin aiki da waɗanda suka ajiye, ƙannena ɗalibai da ke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina kuma neman gafarar manya tun da wuri, domin maganar da aka ɗora mini ta shafi kuɗi, maganar kuɗi kuwa ba ta faɗuwa ba tare da an taɓa wani ba.

Akwai wata gardama da babu gidan ɗan boko a ƙasar Arewa da ba a yi ta ba, daga Matankari har Gesheme. Uba ya dubi ɗansa ya ce: mu a zamaninmu da ƙafa muka tafi lakwal, da fitilar ƙwai muka yi karatu, wando ɗaya gare mu, amma muka gama kan lokaci, muka kama aiki, muka riƙe iyayenmu, ku ga lantarki, ga waya a hannu, ga jami'a a Doso, amma shekara talatin kuna cin tuwon gida. Ɗan kuma, in mai kunya ne, ya sunkuyar da kai, sai ya fita waje ya gaya wa abokansa cewa tsoho ya manta gwamnati ce ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta kuma ajiye masa kujera a ofis tun bai gama ba. Kowannensu yana da gaskiya a hannu, kowannensu kuma ya ɓoye rabin lissafi a aljihu. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu zube lissafin nan a kan tabarma, yadda ɗan kasuwa ke yi da yaronsa in an tashi daga cin kasuwa.

Don kada mu ruɗe, zan riƙa ƙidaya da tamma da jika, jika ɗaya tamma 1,000 ke nan. Mai lissafi da dala sai ya raba da biyar.

Mu fara da zamanin iyaye. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta, waɗanda ke aji ba su kai biyar ba. Tsofaffinmu sun san yadda ake cika ajin nan: gardi ne ke zuwa gari da takarda, maigari ya nuna gidajen da za a ɗauki yara, uwa ta ɓoye ɗanta cikin rumbu, mai hali ya ba da rago a bar masa nasa. Wanda aka kama ɗin, wanda aka yi wa kuka kamar an kai shi kushewa, shi ne ya dawo bayan shekara goma sha biyar cikin mota. Daga ranar da ya ci jarabawar shiga kwaleji, nauyinsa ya tashi daga wuyan ubansa. Gwamnati ke ba shi littafi da alƙalami, ita ke ba shi wurin kwana da abinci, ita ke biyan kuɗin motarsa in hutu ya zo. In ya samu BAC, sai a tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa, ko Tarayyar Sobiyet, da bursu a hannu. Jami'ar Yamai kanta da ɗalibai ɗari da ƴan kai ta fara a 1971, tana matsayin cibiyar karatu mai zurfi, kafin ta zama cikakkiyar jami'a. Duk ƙasar nan fa, ɗari da ƴan kai. Wanda ya shiga cikinsu, ma'aikatar da za ta ɗauke shi ta san da zamansa tun yana shekarar farko. Kuma da yawa daga cikin dattawan da ke zaune nan sun sha gaya mana da bakinsu cewa daga cikin bursunsu suke aiko wa gida kuɗin haraji da na goron salla. Wato a wancan zamani ɗalibi shi ke aike gida. Yau gida ke yi wa ɗalibi aike. Duk bambancin zamunnan biyu yana cikin juyawar wannan aike.

Sai dai kada mu ce karatun nan kyauta ne, domin akwai wanda ya biya. Wan yaron nan da aka bari a gona shi ya biya. Shi ya biya harajin kai da jangalin shanu, shi ya noma gujiyar da kamfanin SONARA ke saye a farashin da gwamnati ta yanka, ta kai waje ta sayar da riba. A tsakiyar shekarun 1970, farashin da gwamnati ta ƙayyade wa manomi in ofishin OPVN zai sayi hatsinsa tamma 25 ne a kilo, wato jika 2 da rabi buhu mai kilo 100. To, duk dattijon da ke tuna albashinsa na farko, ya raba shi da wannan adadi. Ya ma ninka kuɗin buhun sau biyu, tun da kasuwa ta fi farashin gwamnati tsada, zai ga buhu nawa yake ɗauka a wata. Arhar da ma'aikaci ke tunawa da daɗi, a wajen manomi ita ce shekarar da guminsa bai yi daraja ba. Ina faɗar haka ne domin idan muna kewar zamanin da, mu san cewa kewar mutum biyar ce cikin ɗari, sauran casa'in da biyar ɗin ba a tambaye su ba.

Daga baya yuraniyom ya karɓi nauyin daga hannun gujiya. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, aka ƙara da mahaƙar COMINAK a 1978, kuɗi suka shigo a zamanin Janar Seyni Kunce, aka gina azuzuwa da hanyoyi da manyan ofisoshin Yamai. Daɗin bai daɗe ba. Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa, fari ya zo a 1984, Najeriya ta rufe iyaka a shekarar, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnati ta je wajen Bankin Duniya da asusun FMI neman rance, suka ce sai an tsuke bakin aljihu, kuma suna da ra'ayinsu game da makaranta: a zuba kuɗi a firamare, a rage abin da ake kashewa kan ɗaliban lise da jami'a, a daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kai tsaye. Gidajen kwanan ɗalibai suka rufe, ƙofar aikin gwamnati ta koma sai da jarabawa, in ma an buɗe ta.

A kan wannan magana ce ɗalibai suka fito ranar 9 ga Fabrairu 1990, suka nufi gari daga harabar jami'a, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Mukan tuna ranar a matsayin mafarin demokaraɗiyya, kuma haka ne, domin ita ta share hanyar Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Amma abin da ya fito da yaran nan kan titi tun farko shi ne bursu, da wurin kwana, da makomar mai takarda. Mun samu jam'iyyu, mun samu jaridu masu zaman kansu irin wadda nake rubutu a cikinta, tambayar da suka fita da ita kuwa har yau tana nan inda suka bar ta.

Sannan aka yi abin da ƴan kasuwarmu ba za su manta ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa tamma 50 ya koma tamma 100. Duk abin da ke zuwa daga waje, littafi, takarda, magani, kayan gyaran mota, ya yi tsalle. Albashi bai bi shi ba. Mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG, tamma 18,898 ne tun zamanin Kunce, kuma a nan ya tsaya har 2006, lokacin da aka kai shi 28,347. A 2012 ya zama 30,047, sai a 2024 ya kai jika 42. Cikin shekarun 1990 ɗin nan ne ma'aikata suka san bashin albashi na watanni, malamai suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka san abin da ake kira farar shekara, wato a yi shekara guda ba jarabawa, kowa ya maimaita ajinsa. A nan ne kuma martaba ta juya tsakanin rukuni biyun da ke zaune gabana. Da, alhaji mai kanti shi ke tashi tsaye in mushe ya shigo. Daga wancan lokaci mushe ne ke zuwa da dare, a rubuta masa shinkafa da mai a littafin bashi. Ban faɗi haka don in ba kowa kunya ba. Ƴan kasuwa da yawa sun riƙe gidajen ma'aikata a shekarun nan ba tare da sun tona asirin kowa ba, Allah ya saka musu. Amma yara suna kallo, kuma abin da suka gani ya shiga lissafinsu.

Yanzu mu zo ga zamanin ɗa, mu fara da abin da ya samu wanda ubansa bai samu ba, don adalci. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Makarantun firamare sun shiga ƙauyukan da a da ko gardi bai san hanyarsu ba. Akwai kwaleji a manyan garuruwan ƙananan hukumominmu, yaro yana iya yin BAC bai bar ƙasar Arewa ba. An buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, aka ƙara da na Doso, Agadas, Difa da Tilaberi a 2014. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda ta fara da ɗari da ƴan kai, ta haura ɗalibai 20,000 tun a 2017. Jikan mutumin nan da aka bari a gona yau yana aji, jikanyarsa ma haka. Wannan ci gaba ne, kuma duk mai cewa gara zamanin da, sai ya gaya mana ƴaƴan wa za a mayar gona.

To amma Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. An faɗaɗa ƙofa, ba a faɗaɗa tukunya ba, sai aka juye abin da ya rage a kan iyaye. Ga yadda lissafin yake.

Cikakken bursu a jami'o'in cikin gida jika 35 ne a wata, akwai masu samun rabi, akwai masu samun ɗan tallafi sau ɗaya a shekara, akwai kuma waɗanda ba su samun komai. Ku lura, cikakken ma bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Kuma ba wata-wata yake zuwa ba, sai bayan wata uku, in ya zo kan lokaci. Jinkirinsa na cikin dalilan da suka fito da ɗalibai ranar 10 ga Afrilu 2017, ranar da ɗalibi ɗaya ya rasa ransa a Yamai aka kuma rufe harabar jami'a. Mu ɗauki yaro daga Kore Mairuwa wanda bai samu gado a gidan kwanan jami'a ba, domin gadajen ba su isa ba. Adadin da zan faɗa misali ne nawa, kowa ya gyara shi da abin da ya sani. Mu ce sun haɗu su biyu ko uku sun kama ɗaki a Harobanda, rabonsa jika 10. Mu ce yana cin abincin tamma 700 a yini, jika 21 ke nan a wata. An kai jika 31. Saura jika 4, a ciki zai sayi sabulu, ya yi fotokwafin darussa tun da littattafai ba su wadata ba, ya sa kuɗin intanet a waya domin ta nan malamai ke turo aiki, ya sayi maganin masassara. Wayar nan da iyaye ke gani kamar kayan ado, ita ce allonsa da laburarensa. Wannan fa mai cikakken bursu ke nan, ɗan gata a cikinsu.

Wanda ba shi da bursu, uba ne zai aika. Mu ce jika 30 a wata, wata goma, jika 300 a shekara. In manomi ne, da hatsi ko wake zai biya. Mu ce da kaka buhu yana jika 20: buhu 15 ke nan a shekara, na yaro ɗaya. Ina tambayar manoman da ke nan, gida nawa ne a Dan Kasari ko Dumega ke da rarar buhu 15 bayan an ware na ci da na iri? Digirin farko a tsarin LMD shekara uku ne a takarda, buhu 45. Amma yaje-yajen aiki na malamai da na ɗalibai, irin waɗanda aka sha fama da su a 2018 da 2019, sun sa shekarun karatu suna hawa kan juna, uku ta zama huɗu ko biyar. Buhu 45 ya koma 60 ko 75. Babu wani ofishi da ke rubuta wannan asara, domin ba daga baitulmali take fita ba, daga rumbu take fita. Ni a ganina wannan ita ce tsada mafi muni a karatun yau, tsadar lokaci. Ɗan kasuwa ya san kayan da suka kwana a hanya sun ci riba ko da ba a sace ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina mamakin yadda masu tsara mana kalanda ba su damu da shi ba. Makarantu suna komawa a watan Oktoba, daidai lokacin da sabon hatsi da wake ke shigowa kasuwa, farashi yana ƙasa. A lokacin ne uba ke buƙatar kuɗin mota, da na rajista, da na littattafan ƙanne. Dole ya sayar a lokacin da bai kamata ba. Idan bazara ta yi nisa rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada. A daminar 2024, bayan takunkumin CEDEAO da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, buhun hatsi ya haura jika 35 a kasuwanni da dama, wato mai mafi ƙarancin albashi yana aikin wata guda kan buhu ɗaya. Daga baya farashin ya sauko, mai saye a birni ya yi hamdala, manomin da ke da ɗa a jami'a kuwa ya ga adadin buhunan da zai sayar ya ƙaru. Ko ta ina aka juya, shi ne a ƙasa. Kuma alhazai, ku yi mini haƙuri, wanda ke saye da kaka ya sayar da damina yana cikin zauren nan. Ba haramun ya yi ba, kasuwa ce. Amma yana da kyau ya san daga ina wani kashi na ribar ke fitowa.

Ku ma ƴan kasuwa ba ku tsira ba. Arzikin Arewa rabinsa yana kallon kudu ne, Kangiwa, Bacaka, Kamba, Argungu. A 1980 naira ɗaya ta fi tamma 300. A 2024 jika ɗaya tana canzuwa naira 2,500 ko fiye. Mai kai rago ko wake Najeriya yana karɓo takardu cike da jaka, in ya canza su ba su cika tafi ba. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023. Cire tallafin man fetur da Najeriya ta yi a watan Mayu 2023 ya kashe arhar man da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, wanda da shi kabu-kabu da injinan ban ruwa na masu dankali da rake a Dallol Mawri ke aiki. Gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga tamma 540 zuwa 499 a 2024, an ji sauƙi, amma bai mayar da abin da aka rasa ba. Ɗan kasuwar da a da yake ɗaukar nauyin ƴaƴan ƙannensa uku a makaranta, yau yana lissafin nasa na cikinsa.

Duk wannan magana ta jami'a ce, alhali mafi yawan yaranmu tun kafin nan suke zubewa. Wurin da aka fi yin asara shi ne shekarar farko ta kwaleji. Yaro ɗan shekara goma sha biyu daga ƙauye, an turo shi gari, babu gidan kwana, sai an nemo masa mai masauki. A zamanin da riƙon ɗan wani alfarma ce, gidaje suna alfahari da yawan ɗaliban da suka riƙa. Yau mai gida yana auna tiya, matarsa tana ƙidaya bakuna. Yaron ya zo aji da yunwa, ya faɗi jarabawa, a kore shi, ya kama hanyar Legas ko Kwatano ko wuraren haƙar zinariya. In yarinya ce, uwarta ma ba za ta yarda ta zauna gidan da ba ta sani ba, gara a yi mata aure. A arewacin gundumarmu, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, rashin tsaro ya ƙara nasa nauyi a kan malamai da iyaye. Waɗanda suka tsallake duk wannan suka kai BAC, daga 2021 zuwa 2023 waɗanda suka ci a faɗin ƙasa ba su kai 30 cikin ɗari ba a kowace shekara. Shi ya sa ma'aikaci da ɗan kasuwa duk mai hali yake kai ɗansa makaranta mai zaman kanta, ya kuma biya malamin gida da yamma. An ce makaranta kyauta ce kuma dole har shekara 16, haka aka yi mana alkawari a 2011. Kyauta ce ga wanda ya yarda ɗansa ya zauna cikin rumfar kara tare da yara tamanin.

Sai ƙarshen hanya. An ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma. Uba ya sha zumarsa yana da shekara ashirin da ƴan kai. Ɗa, in ya gama, sai ya nemi gurbin bautar ƙasa na shekara biyu, shi ma da kamun ƙafa, sannan ya zauna jiran jarabawar ɗaukar aiki da dubbai ke rububin gurbi ɗari. Aikin da ya fi samuwa shi ne koyarwa ta kwantaragi, tsarin da aka fara a 1998 da sunan ƴan sa-kai na ilimi, ana biyansu jika 35 a wata. An ƙara kuɗin daga baya, amma har yanzu ɗan kwantaragi bai kama ƙafar cikakken ma'aikaci ba, kuma su ne suka riƙe mafi yawan azuzuwan ƙauyukanmu shekara da shekaru. Ga sa'ansa da ya bar makaranta tun firamare ya bi ubangida a kasuwa, ya riga ya yi aure, ya gina ɗaki, wataƙila shi ke ba shi kuɗin shayi. Idan uba manomi ya dubi wannan ya ce ba zai sayar da buhu 60 ba, kada mu ce masa jahili. Lissafi ya yi, kuma bisa abin da idonsa ya gani lissafin bai karkace ba. Abin tsoron shi ne ƙasa ba za ta rayu da wannan lissafi ba. Likitan da zai duba matar alhaji a asibitin Dutsi, da injiniyan da zai haƙa rijiyar burtsatse a Kiyeshe, da alƙalin da zai raba gardamar gona a Tibiri, dole wani ya biya karatunsu. In ƴaƴan masu hali kaɗai za su kai, to mun koma gidan jiya, mutum biyar cikin ɗari, sai dai wannan karon aljihu ne zai zaɓe su maimakon gardi.

Ƙannena ɗalibai, ku ma ga naku. Iyayenku ba su yi ƙarya ba da suka ce sun sha wuya. Wanda aka raba da uwarsa yana shekara bakwai, aka yi masa bulala don ya yi Hausa a aji, ya biya nasa farashin. Kuma ba kowane yajin aiki ne ke da hujja ba. Ranar da kuka rufe aji saboda rigimar shugabancin ƙungiya, ku tuna buhu nawa ta ci a gida.

Me za a yi? Na gwamnati a bayyane yake, kuma ba sabo ba ne: kowace gwamnati tun daga 1991, ta farar hula da ta soja, ta yi rantsuwa a kansa. A biya bursu a ranar da aka ce. A fara shekara a gama ta cikin shekara. A liƙa sunayen waɗanda aka ba bursu da dalilin ba su a inda kowa zai gani, domin zargin da ake yi cewa ɗan babba ne ke samu ba zai mutu ba sai da haske. A mayar da gidajen kwana a kwalejojin karkara, na ƴan mata da farko. A faɗaɗa fannonin jami'ar Doso, yadda ɗan Arewa zai yi karatu kusa da rumbun ubansa, a riƙa aika masa da tiyar hatsi a motar kasuwa maimakon kuɗi. Tun da yanzu ƙasa tana sayar da man fetur, muna da haƙƙin tambayar kashi nawa ne na kuɗinsa ke shiga aji, kada a maimaita abin da aka yi da yuraniyom, wanda aka rufe mahaƙar COMINAK a 2021 yaranmu suna zaune a ƙasa.

Namu kuwa ba ya jiran sa hannun minista. Ƴan asalin Arewa da ke Yamai suna da yawa, cikin soja, da koyarwa, da asibitoci, da kasuwa, kuma akasarinsu da harajin talaka suka yi karatu. Kama gida ɗaya a Harobanda mai ɗaki goma don yaran gundumomin nan biyu bai fi ƙarfin mutum hamsin daga cikinsu ba. A nan gida kuma, akwai tsarin da ƙungiyoyin manoma suka riga suka sani, na ajiye amfanin gona a sito da kaka a karɓi rance a kansa, a sayar in farashi ya tashi a biya. Abin da ya hana a yi shi musamman don iyayen ɗalibai shi ne rashin sito da rashin wanda zai ba da kuɗin farko, kuma duka biyun suna hannun mutanen da ke zaune a sahun gaba. In alhaji ɗaya ya ba da ɗaki ɗaya na sitonsa daga Oktoba zuwa Mayu, iyaye ashirin ba za su karyar da wakensu ba a bana.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo. Kafin a buɗe fagen tambayoyi, ina roƙon dattawa biyu ko uku daga cikin waɗanda suka kama aiki kafin 1980 su taimaka su gaya mana albashinsu na farko da kuɗin buhun hatsi a kasuwar Dutsi a shekarar, wani ɗalibi kuma ya zo ga allo ya raba mana, sannan a kira malami ɗan kwantaragi shi ma ya faɗi nasa.